Yaye na Biyu

Kiran yakan shigo da dare, sau da yawa bayan gari ya yi tsit, kuma ba ya kai tsawon gaisuwar maƙwabta a bakin ƙofa. Muryar ta ɗanta ce, amma kalmomin na aro ne. An riga an shata masa abin da zai faɗa: ya iso lafiya, zai sake kira bayan wasu makonni, yanzu zai ajiye waya. A bayansa tana jiyo tsawar wasu mutane da ba ta taɓa gani ba. Kafin ta buɗe baki ta tambaye shi ko ya ci abinci, layi ya yanke. Da wannan kira ne dubban iyaye mata a Amurka suke tabbatar da cewa yaron da suka raka ofishin ɗaukar soja ya shiga hannun rundunar sojan ruwa, kuma daga wannan dare ba su da labarinsa sai abin da rundunar ta ga damar bayarwa.

Kiran yana fitowa ne daga sansanin Great Lakes, a gaɓar Tafkin Mishigan, kusan kilomita 60 arewa da birnin Shikago. An buɗe sansanin a 1911, kuma tun da aka rufe takwarorinsa na San Diego da Orlando a shekarun 1990, shi kaɗai ne ƙofar da kowane kurtun sojan ruwan Amurka yake bi. Akwai ɗan abin murmushi a ce ana horar da mutanen teku a wurin da ya fi kilomita 1,000 nesa da teku, amma haka abin yake. Kimanin matasa 40,000 ne ke ratsa wannan ƙofa a shekara, maza da mata, domin kusan ɗaya cikin biyar na sojojin ruwan ƙasar mata ne. Saboda haka duk inda aka ce ɗa a nan, har da 'ya. Horon ya daɗe yana cin mako takwas, aka mai da shi goma a 2022, sannan aka rage shi zuwa tara a farkon 2025.

Mako tara ba wani dogon zango ba ne, kuma wannan ne abu na farko da ake gaya wa uwar da aka iske tana share hawaye a ɗakin ɗanta. Sai a ƙara mata da cewa ai ba fagen daga ya tafi ba, makaranta ce, kuma kamata ya yi ta yi alfahari. Babu ƙarya a cikin waɗannan maganganu, sai dai duk sun wuce ta gefen inda ke yi mata ciwo. Ta san mako tara ne, ita ce ma take ƙirga kwanakin a jikin kalanda. Alfaharin ma tana yi. Abin da ya same ta shi ne an tsige ta daga aikin da ta shekara goma sha takwas tana yi ba fashi, a dare ɗaya, ba tare da an ba ta wani a madadinsa ba, sannan aka rufe mata ƙofar labari.

Hausa tana da kalmar da ta zauna daidai a kan wannan hali. Bikin da ake yi ranar da kurata suka kammala horo, yaye ake ce masa, kalmar da asalinta ta cire jariri daga nono ce. A al'ada, idan lokacin ya yi sai a kai yaro gidan kaka, a dama masa kunu, a goya shi, a yi ta lallashi har ya haƙura. Hankalin kowa yana kan yaron. Uwar kuwa tana gida da ƙirji a cike, nono na zuba babu mai sha, wani lokaci har da zazzaɓi, ga shi kunya ba za ta bar ta ta je ta leƙa shi ba. Jikinta bai samu labarin cewa aikin ya ƙare ba. Haka uwar kurtu take. Yaron yana da malaman horo a kansa dare da rana, yana da jadawalin da ya cinye kowace sa'a, yana da abokan wahala kusan tamanin a ɗaki ɗaya. Gajiya ma ba ta barinsa ya yi dogon tunani. Ita kuwa hannunta yana ci gaba da auna shinkafar mutum huɗu a gidan da ya koma na mutum uku.

Kafin a yi wa rundunar hukunci, adalci ne a fahimci dalilin wannan shiru, domin da gangan aka tsara shi. Masanin zamantakewa Erving Goffman, a littafinsa Asylums na 1961, ya bayyana irin cibiyoyin da ke haɗiye rayuwar mutum baki ɗaya, inda barci da aiki da hutu suke ƙarƙashin rufi ɗaya da hukuma ɗaya, kuma ya sa barikin soja a cikinsu. Abin da irin waɗannan wurare ke fara yi wa baƙo shi ne su raba shi da duk abin da yake gane kansa da shi. A Great Lakes ana aske wa maza kai ƙwal, a karɓe tufafin gida, a daina kiran mutum da sunan da uwarsa ke kiransa. Har harshe ake sauya masa: ginin da yake kwana jirgi ake ce masa, kuma ƙasa da bango da makewayi duk suna amsa sunayen da ake kiransu da su a cikin jirgin ruwa.

Wannan ba mugunta ba ce tsagwaronta. Jirgin yaƙi a tsakiyar teku ba shi da maƙwabcin da zai kawo gudummawa idan wuta ta tashi. A watan Yulin 1967 gobara ta kama jirgin Forrestal mai ɗaukar jiragen sama a gaɓar Biyetnam, ta kashe mutum 134. Fashewar farko ta hallaka da yawa daga cikin ƙwararrun masu kashe gobara, aikin ya faɗa hannun waɗanda ba su ƙware ba, har wasu suka riƙa wanke kumfar kashe wuta da ruwan teku. Daga nan rundunar ta ɗauki darasin cewa kowane sojan ruwa, ko kuku ne ko akawu, sai ya iya yaƙi da wuta. A watan Oktoban 2000, da aka kai wa jirgin Cole harin bam a tashar Aden ta Yaman, mutum 17 suka mutu, kuma sauran ma'aikatansa ne suka hana shi nutsewa. Matashin da za a dogara da shi a irin wannan rana dole ya koyi juyawa ga na kusa da shi idan abu ya yi tsanani, maimakon ya lalubi waya ya kira gida. Idan kowane dare zai kai wa mahaifiyarsa ƙarar malamin da ya yi masa tsawa, wannan koyo ba zai zauna ba. Ta wannan fuska, raba kurtu da gida na ɗan lokaci abu ne da za a iya karewa, kuma uwar da ta natsu ta san haka.

Inda hujjar take yin rauni shi ne idan aka miƙa ta har ta rufe uwar ita ma. Horo yana bukatar yaron ya rage jin muryar gida. Ba ya bukatar gida ya zauna cikin duhu.

Shekaru da yawa al'adar sansanin ita ce kurtu ya tuɓe kayan da ya zo da su a daren farko, a cusa su a kwali, a aika gida. Bayan kwanaki sai mai kai saƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa ya miƙa wa uwa kwali ɗauke da wando da riga da takalmin ɗanta, wani lokaci wandon a juye kamar yadda aka fizge shi cikin gaggawa, ƙamshin jikinsa bai gama fita ba. Wanda ya ƙirƙiro wannan tsari yana tunanin wurin ajiya ne kawai. Bai tsaya ya tuna cewa a ko'ina a duniya, kayan mutum ba sa dawowa gida su kaɗai sai idan wani abu ya faru ba. Bayan kwalin sai wata takarda ta hukuma ta biyo, mai ɗauke da adireshin da za a riƙa aika wasiƙa da ranar da ake sa ran yaye. Tsakanin kiran farko da wasiƙar farko da ya rubuta da hannunsa kuwa ana iya shafe makonni biyu ko uku. A wannan tsakani ne matan da ba su taɓa amsa baƙuwar lamba ba suke shiga wanka da waya a gefen sabulu. A zamanin da ake kira daga wayoyin sansanin, lambar yankin 847 ta zama abin da suke haddacewa kamar sunan jika.

Rashin sani ya fi dare duhu. Masaniyar harkokin iyali Pauline Boss, wadda ta fara bincikenta a shekarun 1970 a kan iyalan matuƙan jiragen yaƙin da suka ɓace a yaƙin Biyetnam, ta nuna cewa rashin da ba shi da tabbas yana da nauyi irin nasa, domin mutum ba ya nan a zahiri amma yana nan a zuciya, kuma babu ta'aziyya ko wata al'ada da jama'a suka tanadar wa mai ɗauke da shi. Ba za a haɗa uwar kurtu da matar wanda ya ɓace a yaƙi ba, tazarar tana da yawa. Amma ƙwayar abin ɗaya ce: ba a yi mata rasuwa ba balle a zo gaisuwa, ba kuma ta da ɗan a gabanta balle ta huta. Abin da ake yawan gaya wa irin waɗannan iyaye shi ne shiru alamar lafiya ce, kuma a tsarin sansanin hakan yake. Sai dai wannan magana wuƙa ce mai baki biyu. Idan shiru lafiya ne, to kiran da ya shigo ba a kan lokaci ba yana nufin matsala: ya ji rauni, ko ya kasa gwajin iyo, inda ake dira ruwa daga tudu, a ninƙaya yadi 50, a kuma yi minti biyar a kan ruwa, ko an mai da shi baya zuwa wani rukuni, ranar yaye ta ɗaga, ko ma an yanke shawarar sallamarsa. Wayar da take addu'ar ta yi ƙara ita ce kuma take faɗar mata da gaba idan ta yi.

Ba kuma za a ce tsoron nata ba shi da tushe ko kaɗan ba. Mafi yawan kurata suna fita lafiya, sai kanta a ƙafa da muryar da ta dishe. Amma a farkon 2019 kurata mata biyu sun rasu a Great Lakes, kimanin wata biyu tsakani, bayan sun yanke jiki sun faɗi a gwajin gudu. A watan Mayun shekarar rundunar ta fitar da sabbin ƙa'idoji kan yadda za a gane wanda motsa jiki ke neman kayarwa, ta kuma ambaci masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila cikin waɗanda za a fi sa wa ido. Uwar da ta karanta wannan labari kafin ɗanta ya tafi ba za a ce mata tana tsoron inuwa ba.

Akwai kuma wani abu da doka ta yi mata wanda ba a cika faɗa ba. A Amurka, wanda ya cika shekara 18 baligi ne mai cin gashin kansa, kuma dokokin kare sirri ba su bar hukuma ta bayyana wa iyayensa halin lafiyarsa ba sai da yardarsa. Matar da ta san kowace allurar rigakafin da aka yi masa tun yana zanen goyo, yau idan ta kira sansanin za a ba ta amsa cikin ladabi, amma ba za a gaya mata abin da take nema ba. Idan ita ce ke da labarin gaggawa, kamar rasuwa a gida, sai ta bi ta ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda za ta tantance kafin ta isar. Wata ma ita ce ta sa hannu da kanta, domin ɗan shekara 17 ba ya shiga soja sai da amincewar iyaye, kuma wannan sa hannu yakan dawo mata cikin dare. A lissafin rundunar, iyalin soja su ne matarsa ko mijinta da 'ya'yansu, su ne masu katin shaida da haƙƙin asibiti. Shirin wakilan iyali da Admiral Elmo Zumwalt ya kafa a 1970, domin a samu mai isar da koke tsakanin kwamanda da gidajen sojoji, an gina shi ne da matan aure a zuciya. Ga kurtun da bai yi aure ba, inda sunan mahaifiyarsa ya fi fitowa sarari shi ne takardar wanda za a sanar idan wani abu ya same shi, da takardar inshorar rai, wadda tun 2023 ta kai dala 500,000. Wato hukuma ta tanadi hanyar zuwa ƙofarta ranar da labarin ya zama mafi muni.

Rundunar tana da tarihin da ya isa ya koya mata nauyin wannan shiru. 'Yan'uwa biyar 'yan gidan Sullivan, daga garin Waterloo na jihar Ayowa, sun shiga sojan ruwa tare a watan Janairun 1942, bisa sharaɗin ba za a raba su ba. A watan Nuwamban shekarar aka nutsar da jirginsu, Juneau, a yaƙin tsibirin Guadalcanal, duka biyar ɗin suka rasu. Saboda sirrin yaƙi ba a sanar da gida ba. Wasiƙu suka tsaya, jita-jita ta fara yawo a gari, har mahaifiyarsu, Alleta Sullivan, ta ɗauki alƙalami a watan Janairun 1943 ta rubuta wa rundunar tana tambaya ko abin da take ji gaskiya ne. Wata biyu ke nan bayan an yi rashin. Zamanin ya wuce, kuma sansanin horo ba fagen yaƙi ba ne, amma uwar da ke zaune da waya a hannu a yau ta gaji wannan tarihi, ko ta san sunan Alleta ko ba ta sani ba.

An samu gyara, kuma gyaran da kansa hujja ne. A watan Maris na 2024 sansanin ya ba kurata damar amfani da wayoyinsu na hannu a lokutan kiran da aka tsara, kimanin sau biyar a tsawon horon, sannan a mai da wayoyin ma'ajiya. Horo bai rushe ba. Wannan ya nuna cewa wani kaso na shirun da aka daɗe ana karewa da sunan tarbiyyar soja, a gaskiya saura ne na zamanin wayar kan titi da katin kira. Ma'aunin da ya dace ke nan: duk wani duhu da aka bar iyali a ciki, a tambaya ko horon ne yake bukatarsa ko sabo ne kawai. Jami'in ɗaukar soja da ya yi watanni yana zarya gidan yaro yana kwantar wa iyaye hankali, bai kamata aikinsa ya ƙare ranar da mota ta tashi ba. Zama ɗaya da zai yi da su ya zayyana musu mako bayan mako, yaushe za su ji shiru, yaushe wasiƙa za ta fara zuwa, me kiran bazata yake nufi da abin da ba ya nufi, zai rage rabin wahalar ba tare da an kashe ko sisi ba. Ko don kanta ma ya kamata rundunar ta yi. Tun 1973 Amurka ta daina tilasta wa matasa shiga soja, kowa da ƙafarsa yake zuwa, kuma a shekarar kuɗi ta 2023 sojan ruwa ya gaza cika adadin da yake nema da fiye da mutum 7,000. Ƙanin kurtu da ɗan maƙwabta, idan tunanin shiga ya zo musu, wannan uwar za su fara tambaya yadda abin yake.

Ita ma uwar tana da nata kason, kuma ɓoye shi ba tausayi ba ne. Iyayen wannan zamani sun saba da ganin inda 'ya'yansu suke a taswirar waya kowace daƙiƙa, sun saba da saƙon da ake amsawa kafin a ajiye wayar. Wani ɓangare na raɗaɗin yankewar wannan sabo ne, kuma sabon ba lallai ne ya kasance alheri ga yaron ba tun farko. Uwar da ta cika wasiƙarta da labarin kukanta da yadda gida ya zama kango, ta ɗora wa yaron da ke fama da kansa kaya na biyu. Wadda ta aika masa kwalin alewa da biskit duk da an hana, shi zai sha tsawa a gaban 'yan ɗakinsa. Abin da ke amfanarsa shi ne wasiƙa mai yawan zuwa mai ɗauke da ƙananan labarai: wanda ya ci wasa, abin da kare ya ɓata, wadda ta haihu a unguwa. Kukan kuwa a kai shi wurin waɗanda suka san shi. Matan Amurka sun gane haka tun 1942, lokacin da iyayen sojoji mata suka kafa ƙungiyar Blue Star Mothers a garin Flint na jihar Mishigan, suna ɗaukar sunan daga tutar da ake rataye wa a taga, mai shuɗin tauraro ɗaya ga kowane ɗa da ke bakin aiki. Idan ya rasu, a mai da tauraron na zinariya.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai iya ganin hawayen uwar Ba'amurke a fili ya ce abin ya yi yawa. A nan an san uwa da kara da kawaici, musamman a kan ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kama. Amma duk shekara ana rakiyar samari zuwa tasha, wasu za su makarantar horar da kuratan sojan ƙasa ta Zariya, wasu kuma za su ratsa ƙasar gaba ɗaya zuwa Onne a jihar Ribas, inda sojan ruwan Nijeriya ke horar da nasa kuratan na tsawon watanni. Uwar da ta ce Allah ya tsare ta juya ta shige ɗaki ba tare da ta ɗaga ido ba, labarin zuciyarta a tambayi tuwon da ta bari ya huce a kwano.

A Great Lakes ƙarshen horo gwaji ne na dare guda, kimanin sa'a 12, a cikin wani jirgin kwaikwayo mai suna Trayer, mai tsawon ƙafa 210, da aka gina a cikin wani katafaren gini. Ana cika shi da hayaƙi da wuta da ambaliya da ihun masu rauni, an kuma ɗauko wasu daga cikin yanayin daga abin da ya faru da jirage irin su Cole. Wanda ya tsallake, da safe za a karɓi hular da ke ɗauke da kalmar kurtu a ba shi mai ɗauke da sunan rundunar, kuma a ranar ne yake kiran gida da muryar da barci ya cinye ya ce ya zama sojan ruwa. Bayan 'yan kwanaki sai faretin yaye, a wani babban zaure, da kujeru ƙidayayyu ga kowane gida. Daga Maris na 2020, saboda annobar korona, an yi fiye da shekara ana yaye kurata ba tare da ko uwa ɗaya a zauren ba.

Wadda ta samu zuwa takan sha wahala kafin ta gane nata a cikin ɗaruruwan matasa masu kaya iri ɗaya da tsayuwa iri ɗaya. Idan an sallame su ya zo ya rungume ta, sai ta ji ya rame ko ya murje, yana tafiya a miƙe, yana cin abinci da sauri kamar za a ƙwace, yana duba agogo domin an yanka masa lokacin komawa. Da yawansu washegari suke tashi zuwa makarantar koyon sana'ar da aka ba su a wata jiha, daga can kuma sai jirgi, da tafiye-tafiyen teku na wata shida ko fiye. An mai da masa wayarsa, saboda haka saƙonni za su dawo, gajeru kamar da. Wasiƙun ne za su tsaya. Takan koma gida ta haɗa su, guda bakwai ko goma, rubutun hannun yaron da bai taɓa manna kan sarki a ambulan ba kafin wannan tafiya, ta ɗaure su da roba ta sa a durowar da take ajiye takardar haihuwarsa.